Rufin majami'a a gindin duwatsun Michika

Shawarar tafiyar nan daga bakin matan zumuntarmu ta fito. A ƙarshen shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ta ci Michika da Mubi, ikilisiyarmu a Jos ta sauki iyalai da dama da suka gudo daga su sai kayan jikinsu. Wasu suka zauna a ajujuwan makarantar Lahadi, wasu a gidajen masu bi. Da ƙura ta lafa yawancinsu suka koma gida, amma zumunci bai yanke ba. Ana waya, in kaka ta yi kuma a aiko mana da wake da gyaɗa. Ta bakin ɗaya daga cikin matan nan muka ji cewa a ƙauyensu, can bayan Michika, har yanzu a ƙarƙashin rumfar kara ake sujada. Sun ta da bangon sabuwar majami'a har ya kusa linta, sai ƙarfinsu ya tsaya a nan, ruwan sama yana ta dukan bango babu rufi.

Dattawa suka yarda a yi baiko na musamman don kwano da katako da siminti. Aka kuma ce duk mai son zuwa ya sa hannu, ya biya kuɗin motarsa da abincinsa daga aljihunsa, kada a taɓa baikon. Kowa ya ba da N45,000. Mu 16 muka samu: kafintoci biyu, makaniki, tela, wata nas, malaman makaranta irina, mata huɗu daga zumunta, sauran kuma matasa. A taron ƙarshe wani dattijo, tsohon akawu, ya fito da takarda ya yi lissafi a gabanmu. Ya ce abin da muka tara na mota da abinci zai sayi siminti wajen buhu 70, me zai hana mu aika da kuɗin mu zauna a gida? Ba wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi. Aka dai yi addu'a aka tashi, amma maganarsa ta zauna mini a rai.

Da asuba muka bar Jos, cikin sanyin Fabrairu mai shiga ƙashi. An ɗaure katifu da gidajen sauro a saman bas, a ƙarƙashin kujeru kuma cebur da diga da zarto da guduma, ga buhun dankalin Turawa da muka ɗauka tsaraba. Kafin mu wuce Toro kowa ya tuɓe rigar sanyi. A Bauchi muka karya da masa da miyar taushe, wadda ko a Jos in aka ce ta Bauchi ce sai ta fi saurin ƙarewa. Daga nan Dindima, inda hanyar Yankari ta ratse, sai Alkaleri, sai Gombe. A Gombe direba ya cika tanki, lita tana neman N1,000. Ya ce kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da ya zuba a wannan tsayawa ɗaya zai kai shi Yola ya dawo da shi har da canji.

Tsakanin Jos da Gombe shingayen bincike ba su da wuya. A duba takardun mota, a leƙa fuskoki, wani ya ce a ba shi na ruwa, direba ya yi masa magana mai daɗi mu wuce. Bayan Kumo da Billiri da Kaltungo ƙasa ta canza, duwatsun Tangale suka tsaya cirko-cirko cikin hazo. Wajen Cham hanya ta nuna mana halinta. Wani wurin an gyara sumul, wani wurin rami ne bayan rami, manyan motoci suna ta kauce wa juna. A nan tayarmu ta baya ta fashe. Allah ya taimake mu direba ba gudu yake ba. Makanikinmu ya sa safaya, muka lallaɓa har gari na gaba, mai faci ya karɓi N2,500. Rana ta yi sanyi lokacin da muka fara ganin gonakin rake na kamfanin sukari, kore shar a tsakiyar rani, sannan muka hau gadar Numan, kusa da inda Gongola ke zuba cikin Binuwai. Matanmu suka sayi busasshen kifi a bakin hanya, suna cewa da wannan kuɗin a kasuwar Terminus ta Jos ko rabinsa ba za a ba su ba.

A Jimeta muka kwana, a harabar wata majami'a da aka yi mana hanya. Maza a aji ɗaya, mata a ɗakin baƙi. Mutumin Jos bai san zafi ba sai ya kwana a Yola. A gida a wannan watan bargo biyu muke rufa, a nan kuwa har tsakar dare bango yana fitar da wuta, matasa suka janyo katifu waje suka kwana a fili.

Washegari muka sake haye Binuwai, muka bi Girei da Song. A Gombi ɗaya daga cikin kafintocinmu, wanda haifaffen ikilisiyar EYN ne, wato Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, ya nuna mana hanyar da ta yi hagu zuwa Garkida da Biu. Ya ce a Garkida ne Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka zo daga Amurka, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ran 17 ga Maris 1923, daga nan Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe. Da shauƙi yake ba da labarin, sai kuma muryarsa ta sauka da ya zo kan cewa ita ma Garkidan an kai mata hari a watan Fabrairun 2020 an ƙona majami'u. Ba ikilisiyar da rikicin nan ya ci kamar tasu. Ɗaruruwan majami'unta aka ƙona ko aka gudu aka bari, kuma yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne.

Daga Gombi zuwa gaba bincike ya zama na gaske. A wani shinge sojoji suka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa ya wuce, katin shaida a hannu, mota kuma ta biyo baya. Wani matashin soja ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya janyo diga ya ɗaga.

"Baba, ina za ku da wannan?" ya tambayi shugaban tafiyarmu.

"Ɗana, gini za mu taya 'yan'uwa a bayan Michika."

Ya karɓi wasiƙar da fastonmu ya rubuta ya karanta ta har ƙarshe, ya kira lambar faston ƙauyen ya ji daga bakinsa, sannan ya ce mu tafi, amma kada la'asar ta same mu a hanya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya ga kufan da muka gani daga baya ya san abin da ya sa ake tsananta wa haka.

Bayan Hong muka iso Kwarhi, inda hedikwatar EYN da makarantar horar da fastocinta mai sunan Kulp suke. Ran 29 ga Oktoba 2014 aka mamaye wurin, ranar da Mubi ma ta faɗi, har maharan suka sa mata suna Madinatul Islam. Shugabannin EYN suka koma Jos da zama na wani lokaci kafin su dawo. Yanzu ɗalibai ne ke kai da kawowa a harabar, an yi fenti, an dasa itatuwa.

Faston ƙauyen ya riga ya gargaɗe mu kada mu ɗauko kayan gini daga Jos, kuɗin dako zai cinye ribar. A Mubi ya tare mu, siririn mutum mai furfura, ya kai mu shagon wani Alhaji da suka daɗe suna hulɗa. Siminti buhu N10,000 da 'yan kai, kwano bandir-bandir, kowane bandir falle 20, sai rodi da ƙusa da waya. Ana cikin ciniki Alhajin ya ji abin da ya kawo mu. Ya ce shi ma a 2014 ƙafa ce ta fitar da shi daga Mubi, ya dawo ya tarar da shago wayam, ko sakata ba a bar masa ba. Bai rage ko sisi a kan siminti ba, ya ce shi ma haka ya saro. Amma ya kira yaronsa ya ce a kai mana kayan da motarsa har ƙauye, mai kawai za mu zuba. Ya ce wa faston, "Malam, in an gama rufi a sanar da ni." Katako kuwa a wata kasuwar muka saya, kafintocinmu suna ɗaga kowane ɗaya suna duba shi da ido ɗaya, suna mayar da duk wanda ya karkace.

Muka dawo Mararraba muka ɗauki hanyar Uba da Bazza. Duwatsun Mandara, waɗanda suka raba mu da Kamaru, suna hannun dama, gonaki a jikinsu hawa-hawa an tokare kowane hawa da duwatsu don kada ruwa ya wanke ƙasa. A cikin Michika sabon gini da kufai suna kafaɗa da kafaɗa. Ga shago ana ciniki, ga na kusa da shi bango baƙi ƙirin, ciyawa ta fito ta taga. Muka bar kwalta muka shiga burji, sannan burjin ma ya ƙare, sai sawun amalanke.

Tun daga nesa muka ji guɗa. Matan ƙauyen sun fito cikin zanen zumunta, suna waƙa da harshen Kamwe, suna kaɗa tulu. Wadda ta zauna a ikilisiyarmu lokacin gudun hijira ta rungume shugabar matanmu, suka daɗe a haka suna kuka. Aka kawo kunun gyaɗa mai zafi a ƙwarya. Sai da kowa ya sha, aka tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da yaran da aka bari suna rarrafe waɗanda yanzu sun kusa gama firamare, sannan aka nuna mana masauki a makarantar ƙauyen.

Tsohuwar majami'ar tana nan inda take, ba a kwashe ba. Kwanon ya narke ya nannaɗe, ya yi tsatsa, an jingine shi a gefe. Sabon ginin yana gabanta kaɗan. Abin da na fara lura da shi launin bulo ne. Layukan ƙasa sun yi duhu, na tsakiya fari-fari, na sama kuma jaja-jaja. Na tambayi faston dalili. Ya ce ai ba lokaci ɗaya aka buga su ba. Duk kaka kowane gida yakan kawo abin da ya sawwaƙa, wake ko dawa ko gyaɗa, a sayar a sayi siminti, buhu uku, buhu biyar, a buga bulo da yashin da aka samu a shekarar. Shekarar da wake ya yi kyau bango ya tashi layi huɗu, shekarar da tsutsa ta ci sai ya tsaya cik. Na tsaya ina ƙirga layukan nan da hannuna. A Jos in za mu yi gini a ikilisiya, kwamiti ne zai zauna, a kira mai bulo a waya, tifa ta juye yashi, lebura su zo da safe a biya su da yamma. Mutum zai iya shekara yana sujada a ɗaki bai san nauyin bulo ɗaya na cikinsa ba.

Mun zo da niyyar washegari a fara ɗora katako. Magininsu, wanda kowa ke kira Baba Magini, ya ce ba haka za a yi ba. Ya hau tsani da guduma yana ƙwanƙwasa layin sama, ya nuna mana inda ruwa ya shiga ramukan bulo ya ruɓar da shi, in an matsa da yatsa sai ya zube. Ya ce a sauke layin nan duka a sake. Bayan haka a zuba linta ta zagaye ginin gaba ɗaya, ba a kan ƙofa da taga kawai ba, a kuma bar rodi ya leƙo sama a kowane taku biyu don a lanƙwasa shi a kan katako. Babban kafintanmu ya ce wannan zai ci lokaci, mu kuma kwanakinmu ƙidayayyu ne.

"Yallaɓai, ka taɓa ganin iskar farkon damina in ta gangaro daga dutsen can?" in ji Baba Magini. "Rufin makarantar da kuke kwana sau biyu muna tsinto shi a gonar mutane. In ƙusa kaɗai ta riƙe shi, kuna isa Jos shi ma yana tashi."

Shugabanmu ya ce a bi maganar mai gari. Ina ganin wannan ce shawara mafi kyau da aka yanke a tafiyar nan duka.

Aikin linta ruwa yake ci, ruwa kuwa shi ne abin da ya fi tsada a ƙauyen nan. Famfon burtsatsensu ɗaya ne, na sha ne, ba a taɓa shi don gini. Da na ji motsi tun kafin kiran zakara na biyu, na bi matan na ga inda suke zuwa. Rafi ne da ya ƙafe, yashi zalla. Kowace mace ta durƙusa ta tona rami da hannu har gwiwar hannunta ta nutse, ta zauna ta jira. A hankali ruwa ya tsattsafo a gindin ramin. Ta sa ƙoƙo ta ɗebe na farko mai laka ta zubar, ta sake jira, sannan ta riƙa kwalfa kaɗan-kaɗan tana zubawa a jarka, tana karkata ƙoƙon don kada yashi ya bi. Jarka ɗaya mai lita 25 takan ci kusan rabin sa'a. Su ɗora a ka su hau gangare, su juye a duro, su koma. Wata tsohuwa da na ce ta bar ni in ɗauka mata ta yi dariya ta ce, "Ɗana, kai dai je ka kwaɓa, wannan namu ne tun fandisho." Tun daga ranar ban sake ganin ɗayanmu ya wanke cebur da ruwan duro ba, da yashi muke gogewa.

Tsakuwa ma ba saya aka yi ba. Tsofaffi maza ne ke zama a inuwa da guduma suna fasa dutsen da samari suka gangaro da shi. Mutanen duwatsun nan sun gaji aikin dutse. Ba nisa daga nan, a ƙasar Madagali, Sukur take, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko a Nijeriya, saboda gine-ginen dutse da gonakin hawa-hawa irin waɗanda muka gani a hanya.

Awon kwaɓin Baba Magini ba ya canzawa: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Shi da kansa yake ƙirgawa, in wani ya cika kwano ya yi tozo sai ya sa cokalin gini ya share. Ranar zuba kankare muka yi layi daga wurin kwaɓi har kan tsani, ɗan Jos, ɗan ƙauye, ɗan Jos, ɗan ƙauye, kwano yana tafiya hannu da hannu, wanda ya koma fanko yana dawowa ta layin yara. Dole a gama a yini ɗaya don kada kankaren ya yi gaɓa. Kafin azahar hannuwan malamai da tela sun yi bororo, nas ɗinmu tana naɗe su da bandeji suna komawa layi. Samarin ƙauyen ko a jikinsu, waƙa ma suke. Rana na faɗuwa aka zuba kwano na ƙarshe.

Sai jira, ana yayyafa wa linta ruwa safe da yamma don ta kama. Ba mu zauna ba. Kafintoci suka shimfiɗa katako a ƙasa suna haɗa rafta, mu kuma muna shafa musu baƙin mai saboda gara. Nas ta buɗe akwatinta a gindin wata bishiya, layi ya kai bakin hanya: zazzaɓi, ciwon ido, hawan jinin da mai shi bai san yana da shi ba. Abinci kuwa, mun zo da shinkafa da niyyar mu riƙa dafa namu, matan ƙauyen suka ce wannan abin kunya ne a gare su. Aka haɗa tukunya. Tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, wata rana kuka da kifin Numan, da safe kunu da ƙosai. Dankalinmu aka soya wa yara, suka yi ta zagaye murhu.

Da dare ba a barin fitila a waje. 'Yan banga da maharba ne ke zagaya gari da bindigogin toka. Wani dare muka ji ƙara daga nesa, sau biyu, sannan shiru. Muka tashi zaune cikin duhu, ba mai magana. Can faston ya zo bakin taga ya ce mu kwanta, maharba ne suke sanar da juna. Da safe matar da ta zauna a wurinmu ta kai matanmu ɗakinta ta nuna musu wani ƙulli a bayan ƙofa: zane biyu, garin kunu, katin asibitin yara, Littafi Mai Tsarki. Ta ce kusan kowace mace a garin tana da irinsa, tun ranar da suka hau dutse da goyo suka kwana uku ba su sa komai a baki ba. Shekara goma ke nan ba ta kwance shi ba, garin kawai take canzawa. Waɗannan mutanen ne suke sayar da wakensu su sayi siminti su yi ginin da suka san za a iya sake ƙonawa.

A daren da ya biyo na gaya wa faston lissafin dattijonmu, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, dattijon bai yi ƙarya ba, buhu 70 ba wasa ba ne. Amma kuɗi ta waya yake zuwa, ba ya zama ya ci tuwo da mu. Yaran nan tun da aka haife su ba su taɓa ganin baƙo ya kwana a garin nan ba sai mai kaki."

Na yarda da shi, kuma ban bar dattijon ba. Hannu ba shi ne abin da ƙauyen nan ya rasa ba. Samarinsu sun fi mu ƙarfi, magininsu ya fi mu sanin ƙasarsa. Abin da wake da gyaɗa ba za su iya saya ba shi ne rufi, domin bango ana iya ta da shi layi-layi, amma kwano da katako a tashi ɗaya ake sayensu. Sai kuma gwanin da ya iya haɗa raftar da za ta haye ɗaki mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya, wannan kafintocinmu suka kawo, kuma samari biyu na garin ba su bar gefensu ba har aka gama. In za a sake irin wannan tafiya, ni a ganina rabinmu sun isa. A zaɓi masu sana'a da waɗanda za su zauna da mutane, ragowar kuɗin motar a biya samarin gari ladan aiki, tunda da rani ba abin da suke samu, yawancinsu ci-rani suke tafiya Mubi da Yola. Baba Magini da yaransa dai mun biya su cikakken kuɗinsu, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin ya karɓa.

Ranar ɗaga rafta gayya aka yi. Ƙauyuka biyu na kusa suka zo, har da wani Bafulatani makwabcinsu da ya aiko matarsa da ƙwaryar nono, shi kuma ya kama igiya tare da mu. Kowace rafta maza wajen goma ne ke cicciɓa ta, wasu a kan bango suna ja, babban kafinta yana sama yana ba da umarni, faston yana juya maganarsa zuwa Kamwe da ƙarfi. Da ta zauna daidai sai Baba Magini ya bi da guduma ya lanƙwasa rodin nan a kanta, ya buga har ya kwanta. Ta farko ce ta ba da wuya, ta karkata har mata suka yi salati, aka tare ta da gwafa. Sauran suka bi lafiya.

Lahadi ta same mu an rufe kashi biyu cikin uku. Aka share ƙasa, aka shigo da kututturan da ake zama a kai a rumfa, aka yi sujada a ciki, masu zama a baya rana tana dukansu. An karanta labarin Nehemiya da Hausa, aka yi wa'azi da Kamwe. Lokacin baiko na ga abin da ban saba gani ba a birni: kwanon dawa, ƙwai uku a cikin leda, ɗaurin yakuwa, zakara da ƙafafu a ɗaure. Bayan an tashi aka yi gwanjonsu a bakin ƙofa, ma'aji ya rubuta kuɗin a littafin gini. Telanmu ne ya sayi zakaran, ya mayar wa matan da ke dafa mana abinci.

Kwano bai kai ba. Baba Magini ya sa an zazzago da bakin rufin sosai ta kowane gefe don ya kare bango daga feshin ruwa, wannan ya cinye fiye da abin da aka auna tun farko. Muka juye aljihunmu, muka haɗa da abin da ya rage na abinci, ya kai kuɗin bandir ɗaya, aka ba faston ya sayo a Mubi. Samarin nan biyu suka ce su za su buga, ƙaramin kafintanmu ya bar musu gudumarsa da ragowar ƙusa.

Da sassafe muka kamo hanya, saman bas ya fi na zuwa nauyi: wake, gyaɗa, tsamiya, da wata akuya da muka yi ta roƙo a bar ta amma aka ƙi. Hanyar da muka bi ita muka sake bi, direba ya ce ba zai yanke ta Garkida da Biu ba ko da ta fi kusa. Muna Gombe faston ya kira ya ce an buga fallen ƙarshe, ya kuma aika wa Alhajin Mubi saƙo kamar yadda ya nema. Saura filasta da daɓe da tagogi shida da ƙyamare biyu. Babban kafintanmu ya auno tagogin da ƙofofin a bayan takardar siminti, ya ce zai haɗa su a shagonsa a aika da motar kaya kafin Ista, ikilisiya ta biya katako, aikin hannu kuma nasa ne.